Kyamarorin tsaro na sito da filin rabo: yadda ake haɗa su, da wanda ke da ikon kallo



Kun ga ma'aikata suna kafa sanduna, suna jan kebul a kewayen siton abinci da filin rabo da babbar ƙofa. Kyamarorin tsaro ake ɗaurawa, saboda koke-koken da aka sha kawowa a kan ɓatan kaya da turereniya ranar rabo. Tun da aka fara aikin, tambayoyi suke ta zuwa ofishin kariya. Wa zai riƙa kallonmu? Hoton zai kai gida Najeriya? Za a ga cikin ɗakunanmu? Zai taɓa katin rabo? Duk tambayoyi ne masu kyau. Da yawa daga cikinku kun baro garuruwanku a Sakkwato da Zamfara da Katsina ne bayan infoma ya nuna gidanku, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin wata manhaja da ke kwamfutar ofis. Ita ke karɓar hoton, ita ke ajiye shi, ita ke buɗe wa wani ta hana wani. Mutane ne suke saita ta da hannunsu, don haka kuna da damar sanin yadda aka saita ta. Ga bayanin aikin daki-daki, kamar yadda ma'aikacin da ke haɗa kayan ya yi wa jami'ar kariya. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Kayan aikin guda huɗu ne

Na farko ita ce kyamarar da kuke gani a kan sanda. Aikinta ɗaukar hoto kawai. A cikinta akwai 'yar ƙaramar kwamfuta da ke mayar da hoton lambobi, ta matse shi ya ƙanƙance, ta tura.

Na biyu shi ne kebul. Kebul ɗaya ne yake kai wa kyamara wuta, kuma ya dawo da hoto. Irin wannan kebul ba ya aiki yadda ya kamata idan tsawonsa ya wuce mita 100. Shi ya sa kuka ga kyamarorin duk suna kusa da ofis da sito.

Na uku shi ne akwatin mahaɗa. Duk kebul ɗin da ya taso daga wata kyamara a nan yake ƙarewa, kamar yadda hanyoyin ƙauyuka suke haɗuwa a kasuwa. Daga akwatin sai kebul ɗaya ya shiga kwamfuta. Wutar akwatin da ta kwamfutar daga sola da batir take zuwa.

Na huɗu ita ce kwamfutar da manhajar kula da bidiyo take ciki, tare da faifan ajiya. Faifan nan kamar katin memori na waya yake, sai dai ya fi shi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Kwamfutar tana cikin ɗaki mai kwaɗo.

Yadda ake gabatar da kyamara ga manhaja

Ko an ɗaura kyamara an jona mata kebul, babu abin da zai fito a allo sai an gabatar da ita ga manhajar. Abu uku ake bukata.

Abu na farko adireshi ne. Kamar yadda kowane ɗaki a nan yake da lambarsa, haka kowace kyamara take da adireshi na lambobi, misali 192.168.1.64. Sau da yawa kyamarorin kamfani ɗaya suna fitowa daga masana'anta da adireshi iri ɗaya. Idan aka jona biyu haka nan, sai su rikice, hoton ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, tamkar iyali biyu da aka ba lambar ɗaki ɗaya ranar rabo. Saboda haka ma'aikacin yana jona su ne ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowace adireshinta, ya rubuta a littafi, ya sa mata suna: ƙofar sito, layin mata, layin maza, babbar ƙofa.

Abu na biyu shi ne yaren da za su fahimci juna da shi. A da, kyamarar wani kamfani ba ta jin maganar manhajar wani kamfanin. A shekarar 2008 kamfanoni uku, Axis na ƙasar Suwidin da Bosch na Jamus da Sony na Japan, suka haɗu suka kafa wata ƙa'ida mai suna ONVIF, wadda kamfanoni da yawa suka bi daga baya. Ta zama kamar Hausa a kasuwar Maraɗi, inda Bafulatani da Buzu da Bazabarme suke ciniki da ita. Da wannan ƙa'ida manhajar take tambayar kyamara sunanta da irin hoton da za ta iya bayarwa. A wasu kyamarorin ƙa'idar tana zuwa a kashe, sai an shiga an kunna ta.

Abu na uku shi ne suna da kalmar sirri. Manhajar za ta ƙwanƙwasa, kyamarar ta tambayi kalmar sirri, in ta yi daidai ta saki hoto. Wannan mataki ya fi kowanne shafar lafiyarku, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa.

Kalmar sirri

Shekaru da dama kyamarori suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri mai sauƙi, irin su 12345, kuma masu saye ba sa canzawa. Kamar a sayar da kwaɗo dubu ne, makullinsu duk iri ɗaya. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da wannan sakaci. Ta riƙa zagaya intanet tana gwada kalmomin sirri na masana'anta wajen 60, ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, yawancinsu kyamarori da akwatunan ajiyar bidiyo. A watan Oktoba na wannan shekara aka yi amfani da su aka tsayar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san an shige su ba.

Darasin da aka koya shi ne a canza kalmar sirri tun kafin a ɗaura kyamara a sanda, a sa doguwa mai gauraye da haruffa da lambobi, kuma kada a rubuta ta a manna a jikin allo. Ofishin kariya ya nemi a yi wannan a gaban jami'ar kariya, kuma idan ma'aikacin ya gama aikinsa ya tafi, a sake canza ta, don kada makulli ya bi shi gida.

Agogo

Kowane hoto yana ɗauke da rana da sa'a a kusurwarsa. Kyamarori da yawa a ƙasar Sin ake ƙera su, kuma wasu suna zuwa da agogon can, wanda yake gaban namu da sa'a 7. Idan ba a gyara ba, abin da ya faru da azahar zai fito kamar bayan isha'i ne. Mutumin da ya shiga sito da rana da izini sai a ɗauka da dare ya shiga, a kama shi da laifin da bai yi ba. Bayan haka, idan agogon kyamara ya saɓa da na kwamfuta sosai, wani lokaci manhajar ba ta samun shiga ko da kalmar sirri daidai take. Don haka ana saita dukan kyamarorin su riƙa ɗaukar lokaci daga kwamfuta ɗaya, kuma ana dubawa duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo.

Inda take duba, da inda aka rufe mata ido

Kyamarorin nan masu tsayuwa wuri ɗaya ne, ba sa juyawa su bi mutum. Inda aka fuskantar da su ranar ɗauri, nan suke gani. An amince a fuskantar da su ƙofar sito, filin rabo da babbar ƙofa. Ba za a sa ko ɗaya a bayan gida ko wurin wanka ba, haka ɗakin awon ciki, ɗakin da mata ke zuwa neman shawara, masallaci da makaranta.

To, amma kyamara tana da faɗin gani. Wadda aka fuskantar da ita filin rabo tana iya kamo ƙofar wani ɗaki a gefe. Maganin wannan yana cikin saiti. Ana zana baƙin tambari mai kusurwa huɗu a kan wurin da ba a so a gani, sai wurin ya zama baƙi ƙirin. Akwai hanya biyu ta yin wannan, kuma bambancinsu babba ne. Idan a cikin kyamarar aka zana tambarin, wurin ba ya shiga faifai sam, babu wanda zai iya ganinsa daga baya. Idan a manhajar kwamfuta aka zana, a wasu manhajojin hoton yana nan a ƙarƙashi, mai babban makulli zai iya ɗage tambarin ya gani. Ofishin kariya ya nemi hanya ta farko.

Wasu kyamarorin suna da makirufo. An kashe ɗaukar murya a dukansu. Hirar da kuke yi a layi ba ta shiga faifai.

Kwana nawa ake ajiye hoto

Bidiyo yana cin wuri ƙwarai. Kyamara ɗaya mai matsakaicin kyawun hoto tana iya cika gigabait 21 a yini. Katin waya mai gigabait 8 ba zai kai sa'a 10 ba zai cika. Mu ɗauka kyamarori 8 ne: a yini sun ci gigabait wajen 170, a kwana 30 sun haura 5,000. Faifai mai ɗaukar 6,000 zai wadatar. Mai ɗaukar 4,000 kuwa zai cika a kwana 23.

Don a rage cin wuri, ana rage yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa. Fim ɗin sinima 24 ne a daƙiƙa, amma 10 zuwa 15 sun isa a gane abin da ya faru a ƙofar sito. Ana kuma iya saita ta ta riƙa ajiya sai lokacin da wani abu ya motsa a gabanta.

Manhajar tana da wurin da ake rubuta mata kwanakin ajiya. A nan an tsayar da kwana 30. Idan hoto ya cika kwana 30, manhajar da kanta take shafe shi, sabo ya hau wurinsa. Wannan yana kare ku, domin ba a tara tarihin zirga-zirgar kowa wata da watanni. Yana kuma nufin idan an cuce ku a inda kyamara take gani, ku kawo ƙara da wuri. Wanda ya zo bayan wata biyu zai tarar an shafe. Idan an kawo ƙara a kan lokaci, ana kulle wannan ɗan yankin na bidiyon kaɗai har a gama bincike.

Wa ke da makulli

Kowane mai amfani da manhajar yana da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma ikonsu ba ɗaya ba ne. Mai gadi yana ganin abin da ke faruwa a lokacin ne kawai, ba zai iya komawa ya kalli na jiya ba, ba zai iya kwafa ba. Komawa baya sai mutum biyu: mai kula da sito da jami'ar kariya, kuma sai an rubuta dalili. Kwafar bidiyo a fita da shi daga ɗakin sai da sa hannun shugaban ofis.

Manhajar tana da nata littafin da take rubuta wanda ya shiga, ranar da ya shiga, kyamarar da ya kalla da abin da ya kwafa. Wannan littafi ba ya amfani idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, shi ya sa aka hana aron suna. An kuma hana ɗaukar hoton allon da wayar hannu. Wannan ita ce ƙofar da manhaja ba ta iya rufewa, sai dai mutane su tsare ta. Idan kun ga hoton filin rabo yana yawo a WhatsApp ko Facebook, ko wani ya nuna muku shi a wayarsa, ku sanar da ofishin kariya nan take, ko da kuwa ma'aikacinmu ne.

Shin hoton yana fita daga sansani?

Kyamarori da yawa na kasuwa suna zuwa da wata hanya da ke ba mai su damar kallo a wayarsa daga ko'ina, ta intanet. Ga mai shago a birni abu ne mai amfani. A wurin da mutane suka gudo don tsira da rai, haɗarinsa ya fi amfaninsa. An kashe wannan hanya a kowace kyamara, kuma akwatin mahaɗa ba a jona shi da intanet ba. Hoton daga sanda yake tashi, ya bi kebul, ya tsaya a faifai.

Kwamfutar kyamarori dabam take da kwamfutar rajista, inda aka ɗauki zanen yatsunku da sunayen iyalanku. Babu kebul tsakaninsu. Manhajar da aka sa ba ta gane fuska, ba ta san sunan kowa ba. Fitowarku a hoto ko rashin fitowarku ba ta ƙara ko rage komai a katin rabo, kuma ba ta da alaƙa da takardarku ta zaman gudun hijira.

Idan babban laifi ya faru, jandarmomi suna iya neman ganin bidiyo. Sai sun kawo buƙatar a rubuce, sun faɗi rana da sa'a da wurin da suke nema, ofishin kariya ya duba ko bayarwar za ta jefa wani cikin haɗari. Abin da ya shafi laifin kaɗai ake cirewa. Ƙa'idar aikin 'yan gudun hijira ce tun da daɗewa cewa ba a miƙa bayanan mai neman mafaka ga ƙasar da ya baro.

Abin da kyamara ba ta iyawa

Da dare kyamarar tana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, sai dai ku hango ɗan ja-ja a kewayen gilashinta. Wannan haske ba ya cutar da mutum ko dabba. Hoton dare fari da baƙi ne, launin riga ba ya fitowa, kuma fuskar wanda ya yi nisa ba ta ganuwa sosai. Ƙurar hunturu tana dusashe gilashi, gizo-gizo yana son yin saƙa a gabansa, ƙwari suna taruwa su sa manhajar ta ɗauka mutum ne ya motsa. Idan hadari ya rufe rana kwana biyu batir ya yi sanyi, komai yana iya tsayawa.

Kyamara ba ta ganin abin da ke bayan bango ko cikin tanti, ba ta jin abin da aka faɗa, kuma ba ta riƙe hannun ɓarawo. Hoton mutum ɗauke da buhu ba ya nuna ko nasa ne ko na tsohuwar da ya taimaka wa. Saboda haka ba za a yanke wa kowa hukunci da hoto kaɗai ba, sai an ji ta bakinsa da ta shaidu. Masu sintirin dare da kwamitin tsaro su ci gaba da aikinsu yadda suka saba.

Iyayenmu mata, yawancin cin zarafin da ake kawo mana yana faruwa ne a hanyar itace, a bakin rijiya da cikin gida, inda babu kyamara. Kada wata ta yi shiru don tana ganin ba ta da hoton shaida. Maganarki ta isa a buɗe miki ƙofa, kuma mace ce za ta saurare ki.

Haƙƙinku

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idar kare bayanan mutanen da take kula da su a shekarar 2015. Jamhuriyar Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke sa ido a kanta a Yamai. Hoton fuskar mutum yana cikin bayanansa. Ƙa'idojin sun haɗu a kan cewa a faɗa wa mutum dalilin ɗaukar bayanansa, kada a ɗauki fiye da bukata, kada a yi amfani da su a wani abu dabam, kuma mutum yana da damar tambaya da ƙorafi.

Bisa ga haka, za a kafa allon sanarwa da Hausa da Faransanci, da zanen kyamara don wanda bai iya karatu ba, a duk inda ido yake. Kafin a fara ajiyar hoto, za a gayyaci wakilan kwamitin mata, na dattawa, na matasa da na masu bukata ta musamman su shiga ɗakin kwamfuta su ga abin da kowace kyamara take nunawa. Ga tambayoyin da ya kamata wakilanku su yi a ranar:

Akwai ƙofar ɗakin wani ko hanyar bayan gida a cikin hoton? In akwai, a rufe ta a gabanku.

A cikin kyamarar aka zana baƙin tambarin, ko a kwamfuta?

Agogon da ke kusurwar allo ya yi daidai da na wayarku?

Sunaye nawa ne suke da ikon shiga, kuma su wane ne?

An kashe murya? An kashe kallo ta waya?

Kwana nawa aka rubuta a wurin ajiya?

Ku nemi a nuna muku amsar a kan allo, kada ku tsaya ga ta baki.

Roƙonmu

A ja wa yara kunne kada su jefi kyamara ko su hau sanda. Kada a tono kebul, ba shi da jan ƙarfen da zai yi kuɗin kirki, kuma in aka yanke shi layin rabo ne zai rasa shaida. Kada a jona cajin waya a batirin ɗakin kwamfuta. Wanda ya ga kyamara ta karkace ta fuskanci gidaje, ko iska ce ta juya ta, ya faɗa wa shugaban unguwarsa ko ya zo ofis.

Mai wani dalili na musamman da ya sa yake tsoron a ga fuskarsa, ya zo ya same mu a keɓe. Ba sai ya faɗi dalilin a gaban jama'a ba, kuma za a duba yadda zai karɓi rabonsa cikin kwanciyar hankali. Ofishin kariya a buɗe yake a ranakun aiki, akwatin koke yana nan a ƙofarsa, kuma duk hidimarmu kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗi a hannunku don ya nuna muku bidiyo ko ya shafe shi, ku kawo ƙararsa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin.

Daga tafintan ofishin kariya